Me Ya Fitar da Manyan Masu Zanen Sifaniya Zuwa Paris?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, ina shekara ta biyu. Da muka shiga darasin zanen zamani sai na lura Picasso da Juan Gris da Miró da Dalí duk 'yan Sifaniya ne, amma kusan duk abin da ake faɗa a kansu a Paris ya faru. Me ya kore su daga ƙasarsu? Makarantu ne babu, ko gwamnati ce ta hana su? Kuma tunda a Faransa suka yi aikin, da wace hujja ake cewa zanen Sifaniya ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambaya biyu kika haɗa: abin da ya fitar da su, da kuma mai aikin da suka yi bayan sun fita. Ta farko tana da amsa mai hujja. Ta biyu har yau masana ba su gama ja-in-ja a kanta ba, don haka zan gaya miki inda na tsaya da abin da ya tsayar da ni.

Ki fara raba mutanen nan gida biyu, domin cakuɗa su shi ke rikita ɗalibai. Akwai waɗanda suka tafi da ƙafarsu daga 1900 zuwa wajen 1930, ba wanda ya kore su. Akwai kuma waɗanda yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya tarwatsa. Mutum huɗun da kika ambata duk 'yan rukunin farko ne, sai dai Gris ya rasu kafin yaƙin, sauran ukun kuwa yaƙin ne ya yanke wanda zai koma gida da wanda ba zai koma ba.

Makarantu akwai, masu saye ne babu

Ki cire maganar rashin makaranta daga ranki. An haifi Picasso a Málaga a 1881, mahaifinsa José Ruiz Blasco malamin zane ne, a hannunsa ya fara koyo. Da iyalin suka koma Barcelona a 1895 aka ɗauke shi a makarantar La Llotja bai ko cika shekara 14 ba. A 1897 babban zanensa na likita a gefen gadon wata mara lafiya, Ciencia y Caridad, ya samu yabo a baje kolin ƙasa na Madrid, kuma a shekarar ya shiga makarantar San Fernando, wadda daga baya Dalí da Maruja Mallo da Remedios Varo duk suka zauna a ajinta. Ga gidan tarihi na Prado a cikin gari, ɗalibi ya wuni gaban aikin Velázquez da Goya da El Greco yana kwaikwaya. Wanda ya fito daga irin wannan horo ya san ƙirar jikin mutum, ya san haske da inuwa, ya san haɗa fenti. Ina yawan nanata wa ɗalibaina wannan, domin da yawansu suna zuwa da zaton wanda ya karkace fuska a zane rashin iyawa ne ya sa shi. Waɗannan mutane sun iya ƙa'idar tsaf kafin su karya ta.

Matsalar tana wajen wanda zai biya. Tun 1856 gwamnati take shirya baje kolin ƙasa a Madrid, alƙalai su zauna su raba lambobin yabo. Abin da ke cin lamba shi ne ƙaton zane na tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, ko wani abin tausayi da aka zana daidai yadda ido ke gani. Wanda ya ci, gwamnati ta sayi aikinsa, ya samu kujerar koyarwa, masu hali su kira shi ya zana iyalansu. Bayan gwamnati sai coci sai manyan gidaje, kuma dukkansu tsohon salo suke so. Ƙasar kanta tana cikin wani hali: a 1898 Amurka ta ci ta da yaƙi, ta rasa Kuba da Puerto Rico da Filifin, masu ilimi suka shiga tambayar kansu yadda aka yi sauran Turai suka bar su a baya. Matashin da ke jin wannan magana kullum ba abin mamaki ba ne idan ya fara duban hanyar arewa.

Barcelona ta fi Madrid buɗewa. Tana da masaƙu da 'yan kasuwa masu kuɗi, Gaudí yana ta gine-ginensa, ga gidan shan gahawa na Els Quatre Gats da aka buɗe a 1897, inda Picasso ya yi baje kolinsa na farko a 1900. Tana ma da dillali mai ƙarfin hali, Josep Dalmau, wanda tun 1912 ya kawo zanen kubizim, salon farfasa siffar abu a nuna ta daga ɓangarori da yawa, daga Paris ya rataya a shagonsa. Amma dubi abin da ya biyo baya. A 1918 Dalmau ɗin ya yi wa Joan Miró baje kolinsa na farko, ba a sayi ko ɗaya ba, sai ba'a da ya sha. A Madrid a 1915 marubuci Ramón Gómez de la Serna ya shirya baje kolin sabon salo, María Blanchard da Diego Rivera ɗan Meksiko suna ciki, jama'a suka mayar da abin na dariya. Babu dokar da ta hana su. Dariya ce da aljihu wayam, kuma waɗannan sun isa su sa mutum ya ɗaure kayansa.

Abin da suka tarar a Paris

Na farko, ƙofar baje koli wadda ba ta da mai gadi. Tun 1884 akwai Salon des Indépendants, ba alƙalai ba lambar yabo, ka biya kuɗin shiga ƙungiya ka rataya abin da ka ga dama. A 1903 aka ƙara Salon d'Automne. Na biyu, dillalai masu caca da kuɗinsu a kan matasan da ba a sani ba. Ambroise Vollard ya baje aikin Picasso a 1901 yana ɗan shekara 19. Wanda ya fi muhimmanci shi ne Daniel-Henry Kahnweiler, wanda ya buɗe ɗan ƙaramin shago a 1907. Tsarinsa shi ne ya ƙulla yarjejeniya da mai zane ya sayi duk abin da ya zana, farashi gwargwadon girman ƙyallen, shi kuma ya nemi masu saye a Jamus da Rasha da sauran ƙasashe. Ya yi haka da Picasso da Braque a ƙarshen 1912, ya yi da Gris a 1913. Ki tsaya ki auna ma'anar wannan ga mai zane. Yana da kuɗin haya da na abinci ko mutanen titi sun fahimci aikinsa ko ba su fahimta ba. Ba ya bukatar faranta wa alƙali rai. Zai iya shafe shekara yana bin wata matsala guda ta zane wadda mutum goma kaɗai a duniya suka damu da ita. Kubizim mai wuyar karantawa na 1910 da 1911 a ƙarƙashin inuwar irin wannan ciniki ya girma, tun ma kafin a sa hannu a takarda.

Sai ki lura da su waye masu sayen. Kahnweiler Bajamushe ne. Gertrude Stein da ɗan'uwanta Leo Amurkawa ne. Sergei Shchukin, wanda ya tara zanen Picasso kusan 50, ɗan kasuwar yadi ne daga Mosko. Abokan sana'ar ma haka: Modigliani daga Italiya, Brancusi daga Romaniya, Chagall daga daular Rasha, Mondrian daga Holan, Foujita daga Japan. Paris ta zama mahaɗa ce, kasuwar da baƙo ke sayar wa baƙo. Hukumar Faransa kanta ba ta rungume su ba. 'Yan sanda sun buɗe wa Picasso fayil tun 1901 suna zargin yana hulɗa da masu ra'ayin rusa hukuma, gidajen tarihin gwamnati sun daɗe ba su damu da sayen aikinsa ba, kuma da ya nemi takardar zama ɗan ƙasa a 1940 aka hana shi. Ya mutu a 1973 da takardar Sifaniya.

Na uku, kuma wannan littattafai ba su cika tsayawa a kai ba, akwai 'yan gida da suka riga su. Kamar yadda Bahaushe ke sauka a zangon Kumasi gidan mutumin garinsu kafin ya samu nasa ɗaki, haka suka yi a unguwar Montmartre. Da Picasso ya fara zuwa a Oktoban 1900 tare da abokinsa Carles Casagemas, ɗakin aikin Isidre Nonell ɗan Barcelona suka sauka, kuma wani ɗan Kataloniya, Pere Mañach, shi ya fara biyansa faran 150 a wata. Da ya dawo zama na dindindin a 1904, ɗakin da ya shiga a tsohon ginin katako na Bateau-Lavoir na Paco Durrio ne, mai sassaƙa ɗan Sifaniya. Gris ya iso a 1906 ya ƙare a ginin nan, maƙwabcin Picasso. Miró ya iso a 1920, ya je gaida Picasso, sannan ya samu aron ɗakin Pablo Gargallo a titin Blomet. Shi kuma Miró ya riƙe hannun Dalí a 1929 ya shigar da shi cikin jama'a. Kowane ya buɗe wa na bayansa ƙofa.

Kubizim, da abin da aka ɗauko daga Afirka

Shekaru kusan 500 Turawa suna zane bisa ƙa'ida ɗaya: mai zane ya tsaya wuri guda, abin da ke nesa ya ƙanƙance, abin da ke kusa ya girma, ƙyallen ya zama kamar taga. Idan zan koyar da kubizim nakan ajiye buta da kofi a kan tebur, in ce kowa ya zana daga kujerarsa. Sannan in ce su tashi su zagaya teburin, su leƙa bakin butar ta sama, su duba gindinta, su dawo su zuba duk abin da suka gani a takarda ɗaya. Nan take ake jin ajin ya yi tsit, domin sun gane bakin butar da'ira ne ko da yake daga kujera ido ya nuna musu shi a shafe. Me za ka zana, abin da ido ya gani daga wuri ɗaya ko abin da ka sani game da butar? Wannan ita ce tambayar da Picasso da Georges Braque suka zauna a kanta daga 1908 zuwa 1914. Ki riƙe sunan Braque da kyau, Bafaranshe ne, kuma rabin aikin nasa ne. Akwai lokacin da zanensu ya yi kama har sai an duba da kyau kafin a raba na wannan da na wancan. A 1912 suka ƙara wani mataki, suka fara liƙa takardar jarida da takardar bango da ƙyallen tebur a jikin zanen. Daga nan salon liƙe-liƙe ya samo asali a zanen zamani.

Kafin wannan akwai Les Demoiselles d'Avignon na 1907, mata biyar a wani gidan karuwai, wanda aka ce sunan ya fito daga titin Avinyó na Barcelona. Fuskokin ukun da ke hagu sun ɗauko daga tsoffin sassaƙen dutse na mutanen Iberiya, kakannin Sifaniyawa, waɗanda Picasso ya gani a gidan tarihi na Louvre a Paris. Biyun da ke dama kuwa ba mai kallonsu ya kasa tuna fuskokin dodanni na katako na Afirka. A shekarar ya shiga gidan tarihi na Trocadéro inda aka jibge kayan da aka kwaso daga ƙasashen da Faransa ta mallaka. A 1912 ya sayi fuskar katako ta mutanen Grebo na yankin Kwaddibuwa da Laberiya, wadda idanunta suka fito waje kamar guntayen bututu. Mai sassaƙar ya nuna rami da abin da ya tsiro. Da Picasso ya haɗa jitarsa ta kwali a ƙarshen shekarar, ramin tsakiyar jitar haka ya yi shi, bututu mai fitowa waje. Wannan ba kwaikwayon ado ba ne, dabarar tunani ce ya koya.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne mun san ranar haihuwar Picasso da lambar gidan da ya zauna, amma waɗanda suka kwaso fuskokin nan ba su damu su rubuta sunayen masu sassaƙa su ba. Shi ma akwai lokacin da ya musanta cewa aikin Afirka ya yi masa tasiri. Daga baya alaƙar ta fito fili ta wata hanya: shi ya yi zanen fostar taron marubuta da masu fasaha baƙar fata na farko a Paris a 1956, kuma a 1972 aka baje aikinsa a Dakar zamanin shugaban Senegal Senghor. Idan za ki rubuta a kan kubizim kada ki bar wannan ɓangare a gefe, domin yana cikin amsar tambayarki. Fuskokin nan a Paris suke saboda Paris hedikwatar daular mulkin mallaka ce.

Waɗanda suka biya farashi mai tsada

Juan Gris, wanda sunansa na yanka José Victoriano González, an haife shi a Madrid a 1887. Zanen injiniya ya fara koya, kuma ana ganin haka a aikinsa. Ya tafi bai yi aikin soja na dole ba, saboda haka hanyar komawa gida ta toshe masa. Shekarun farko zanen barkwanci yake yi wa mujallu yana cin abinci. A 1912 ya fito da hoton Picasso cikin salon kubizim, kuma tun daga nan ya bi tasa hanyar. Picasso da Braque sukan fara da abu su farfasa shi. Gris yakan fara da tsarin layuka da launuka, sannan ya bar su su zama kwalba ko jarida ko jita. A cikin su ukun shi nake fara ba ɗalibai, domin ginin zanensa a bayyane yake, kana iya bin sa da rula. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914, Kahnweiler a matsayinsa na Bajamushe ya kasa komawa Faransa, gwamnati ta ƙwace kayan shagonsa, aka yi gwanjonsu tsakanin 1921 da 1923 a farashin banza. Gris ya sha talauci a shekarun yaƙin. Ya rasu a 1927 yana ɗan shekara 40, ciwon ƙoda ya ɗauke shi.

María Blanchard sa'ar Picasso ce, 1881, daga Santander. An haife ta da lanƙwasar ƙashin baya, ta rayu da ciwo da kallon mutane. Ta je Paris a 1909 da tallafin karatu, yaƙi ya mayar da ita gida, ta sha dariyar baje kolin 1915, ta ɗan koyar da zane a Salamanca cikin wulaƙanci, sannan ta koma Paris ba ta sake waiwayar Sifaniya ba har ta rasu a 1932. Kubizim ɗinta ya kai na kowa ƙarfi, launinta ma ya fi ɗumi. An sha jingina wasu ayyukanta ga Gris saboda sunansa ya fi tsada a kasuwa. A 2012 gidan tarihi na Reina Sofía ya yi mata babban baje koli a Madrid, shekara 80 bayan rasuwarta. Ban ga dalilin da zai sa a koyar da kubizim a tsallake ta ba.

Ki ƙara da Julio González, maƙeri ɗan maƙera daga Barcelona, wanda ya koyi walda a masana'antar Renault a 1918, ya koya wa Picasso daga 1928, shi kansa ya zama uban sassaƙar ƙarfe ta zamani.

Miró da Dalí

Lokacin da waɗannan biyu suka iso, zancen ya sauya. Yaƙi ya kashe miliyoyi, matasa sun daina yarda da hankalin da ya kai Turai ga wannan ɓarna. A 1924 André Breton ya fitar da sanarwar suriyalizim, tafiyar da ta ɗauki mafarki da abin da ke ɓoye a zuciya a matsayin kayan aiki.

Miró ɗan Barcelona ne, 1893. Iyayensa sun sa shi aikin akawu, ya kwanta rashin lafiya, aka kai shi gonarsu a Mont-roig ya warke, kuma gonar nan ba ta sake barin zanensa ba. Tsarin rayuwarsa shi ne hunturu a Paris, bazara a gona. Ki nemo La Masia na 1921 zuwa 1922. Wata tara ya yi a kansa, ya zana kowane ganye da kowace tsaga a bango, kaji, akuya, dodon koɗi, bokiti. Har busasshiyar ciyawa ya ɗebo daga Mont-roig ya kai Paris don ya ƙarasa shi. Dillalai suka ƙi saye, daga baya marubuci Ernest Hemingway ya saya, yanzu yana Washington. Sannan ki ajiye shi kusa da Carnaval d'Arlequin na 1924 zuwa 1925, wanda ya zana cikin yunwa a titin Blomet. Za ki ga tsani da ƙwari da dabbobin gonar sun rikiɗe sun zama alamomi masu shawagi. Mutanen da ke cewa zanen Miró wasan yara ne ba su ga na farkon ba.

Dalí daban ne. An haife shi a Figueres a 1904, ya zauna a gidan ɗalibai na Madrid tare da mawaƙi Federico García Lorca da Luis Buñuel mai shirya fim, aka kore shi daga San Fernando a 1926 bayan ya ce malaman ba su isa su jarraba shi ba. Makaminsa shi ne ainihin horon makarantar da ta kore shi: buroshi siriri, fenti sumul kamar hoto, amma abin da aka zana mafarki ne. Zanen agogunan nan masu narkewa na 1931, duwatsun da ke bayansa na gaɓar tekun Cap de Creus ne, kusa da gidansa. Ya iya talla fiye da kowa a zamaninsa, har mujallar Time ta sa shi a bangonta a 1936. Ya ɓata da su Breton a kan siyasa da son kuɗi, suka raba gari a 1939. Ya zauna Amurka daga 1940 zuwa 1948, ya koma gida ya yi mubaya'a ga Janar Franco, wanda ya ci yaƙin basasa ya kama mulkin Sifaniya. Ina girmama aikinsa na 1929 zuwa ƙarshen shekarun 1930, amma yabon da ya riƙa yi wa mai mulkin da magoya bayansa suka harbe abokinsa Lorca a 1936 abu ne da ba na iya kawar da kai daga gare shi.

Waɗanda yaƙi ya kora

A nan ne zatonki na gwamnati ya zama gaskiya. A baje kolin duniya na Paris a 1937 gwamnatin Jamhuriyar Sifaniya, wadda ke yaƙi da sojojin Franco, ta kira 'ya'yanta na waje. Miró ya yi babban zanen manomi riƙe da lauje, wanda ya ɓace bayan taron. González ya kawo mace 'yar ƙauye ta ƙarfe. Picasso ya kawo Guernica, bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Gernika na ƙasar Basque ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilu. Baƙi da fari da toka kawai, doki yana kururuwa, uwa riƙe da gawar ɗanta. Duk farfasa siffar da aka koya a kan kwalba da jita shekara 25 baya, a nan ta samu abin da ya dace da ita.

Da Jamhuriya ta faɗi a farkon 1939, mutum kusan rabin miliyan suka tsallaka Faransa, aka tsare da yawansu a sansanoni a bakin teku. Remedios Varo ta riga ta isa Paris a 1937. Da Jamus ta mamaye Faransa ta gudu Marseille, ta isa Meksiko a ƙarshen 1941. Ta yi zanen tallar magani, ta je Benezuwela ta zana sauro ga masu yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, sai a shekara goma na ƙarshen rayuwarta ta samu sukunin yin aikin da aka san ta da shi. Ta rasu a 1963. Maruja Mallo ta nufi Buenos Aires a 1937. Esteban Vicente ya tafi New York a 1936 ya shiga sahun masu sabon salo na can. Miró ya koma gida a 1940 yana gudun sojojin Jamus, ya zauna shiru a Mallorca, a can da Mont-roig ya ƙarasa jerin ƙananan zanuka 23 da ake kira Constellations. Picasso kuwa rabonsa da Sifaniya tun 1934. Ya ce Guernica ba zai je can ba sai an dawo da 'yanci. Ya rasu shekara biyu kafin Franco, zanen ya bar New York ya isa Madrid a 1981.

To na wane ne?

Ga inda na tsaya. Salon na Paris ne, kuma hannu da yawa suka gina shi: Bafaranshe Cézanne ya share fage, Braque ya yi rabin kubizim, Breton ya jagoranci suriyalizim, masu sassaƙar Afirka sun ba da dabara, kuɗin daga Jamus da Amurka da Rasha ya zo. Wanda ya ce kubizim zanen Sifaniya ne ya yi ƙari. Amma abin da mutanen nan suka zuba a cikin salon, da idon da suka kalli duniya da shi, daga gida suka zo da su. Picasso ya riƙa komawa a lokutan da aikinsa ke shirin juyawa: ƙauyen Gósol a 1906, Horta de Ebro a 1909, inda gidajen kan tudu suka zama zanukan kubizim na farko-farko. Wasan bijimi bai bar aikinsa ba har tsufa, kuma a 1957 ya rufe kansa ya yi zane 58 a jerin da ya gina kan Las Meninas na Velázquez, ya ba Barcelona kyauta a 1968. Miró da gonarsa, Dalí da duwatsunsa. Abin da ya bambanta su da ɗaruruwan baƙin da suka cika Paris suna kwaikwayon abin da ake yayi shi ne wannan guzuri.

Sai dai ki yi hattara da wannan hujja, domin tana da iyaka. Gris ya fi wuyar shiga cikinta. Teburin gidan gahawa na Paris yake zanawa, da jaridar Faransa a kai. Wasu suna haɗa shi da tsoffin masu zanen kayan abinci na Sifaniya irin su Zurbarán, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya fita neman Sifaniyanci zai gan shi duk inda ya duba. Varo kuma mutanen Meksiko suna lissafa ta a cikin nasu, kuma suna da hujja. Haka ma duk dalilan da na kawo suna bayyana abin da ya sa aka tafi ne kawai. Ba sa bayyana abin da ya sa Picasso ya zama Picasso, domin 'yan Sifaniya da yawa sun hau jirgin ƙasan nan sun zauna a unguwar nan, ba wanda ke tuna su yau. Kuma tafiya ba ita kaɗai ce hanya ba. Sorolla yana zaune a Madrid ya yi suna har New York da salon da kasuwa ke so, Antoni Tàpies kuma daga Barcelona ya kai aikinsa duniya a shekarun 1950, lokacin da dillalai suka fara bin mai zane har gida.

Wajen mallakar kayan kuwa lissafin a fili yake. Les Demoiselles da agogunan Dalí suna New York. Babban rumbun Picasso yana Paris, a gidan tarihin da aka buɗe a 1985 da ayyukan da magadansa suka ba gwamnatin Faransa a madadin harajin gado. Sifaniya sai daga baya ta riƙa tarawa, da kyauta da saye da tsada.

Tunda a waya za ki ga yawancin zanukan nan, ki riƙa duba awonsu, domin waya tana mayar da komai girma ɗaya. Zanen agogunan Dalí santimita 24 ne a 33, bai fi littafin rubutu ba sosai. Guernica mita 3.49 ne a tsaye, 7.77 a kwance. Ki samu alli da abin awo ku fitar da girman biyun a bangon ajinku, ke da 'yan ajinku, kafin ku zauna rubutu a kansu.